Yadda Za Ka Sa Ma'aikata Su Tsaya a Auna Su da Ransu

Kai da aka ɗora wa nauyin tara ma'aikata su zo awon lafiya, sannu da jarrabawa. Share zufarka, ka faɗo hannun gwani. Ni Abdulrahman na yi wannan aiki a wani ofishi da ke bakin ruwa a Yelwa, a shekarun farko bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, kuma babu mahalukin da ya kuɓuta, tun daga oga har masinja. In ka bi matakan nan yadda na jera su, ba tsallake, na ba ka tabbacin kowa zai tsaya a auna shi. In bai yi ba, kai ne ka karanta a karkace.

Sunan ofishin ba zan faɗa ba, don har gobe ina cin kifi a gidajen mutanen.

1. Fara sanin abin da suke tsoro

Kada ka ɗauka allura suke gudu. Mutumin da ƙayar tarwaɗa ta taɓa soka a tafin hannu ba ya gudun allura. Takardar sallama suke tsoro.

Ka tuna lokacin. Jiha sabuwa ce, kowa ya dawo daga Sakkwato da fayil a hammata, kujeru ba su ishi mazauna ba, kullum kuma ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Ana cikin haka sai ga umarni daga sama cewa wata ma'aikaciyar jinya, Sista Saratu, za ta zo ta auna jinin kowa, ta duba suga da ido, ta ɗauki tsayi da nauyi. Oga ya dubi ofis kaf, ya ga ni ne ban iya musu ba, ya ce in tara mutane.

Kafin in gama ninke takardar, Maliki akawu ya riga ya fassara ta a gindin mangwaro.

"Wanga ba awo ba na, tankaɗe na," in ji shi. "Za su zuba mu ga rariya. Gari shi wuce, tsaki a watsa ma kaji."

A kowane ofishi akwai Maliki. Kada ka yi gardama da shi, domin gardama ce abincinsa. Ka yi murmushi kawai, ka yi masa addu'ar ciwon maƙogwaro mara tsanani.

2. Gano wanda ake kallo kafin a motsa

Za ka ce oga ne. Ka yi kuskure. Oga ana gaishe shi ne, ba a bin sawunsa.

A wurinmu Baba Wakili ne, direban jirgin ruwan ofis. Dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana. Ƙauyen da aka haife shi yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka datse ruwa, don haka idan yana tuƙi sai ka ji ya ce, "Nan tsamiyar kasuwarmu take," ya kauce wa kututturen da babu mai ganinsa. A unguwarmu kuma, don unguwarmu ɗaya da shi, in an yi rasuwa shi ake fara kira. Mutumin da yake ƙetarar da ku ruwa kuna raye, ya kuma tsaya a kanku ranar da kuka mutu, ba a yi masa musu. In ya tsaya awo kowa zai tsaya. In ya ƙi, ko kazar ofis ba za ta tsaya ba.

To amma akwai abin da na sani game da shi. Wata rana muna hanyar Wara da tsakar rana, jirginmu ya miƙe sak ya nufi wani kwalekwale cike da mata 'yan kasuwa. Ina jira ya kauce, bai kauce ba. Sai da na kwarma ihu sannan ya murɗe inji, muka gifta su har ruwa ya fantsama musu a kaya. Da muka sauka gaɓa ya kama wuyan hannuna ya ja ni gefe.

"Ɗana, hazo nika gani ko da rana tsaka," ya ce. "Ruwan ga na san shi tun yana gona. Amma abin da ka yawo bisa nai, ban iya riƙe shi ga kai. In likita ta leƙa idon ga, sun raba ni da ruwa. In an raba ni da ruwa, mi ya rage?"

Maganar ta tsaya mini a rai, ba na ɓoye maka. In na yi shiru, wata rana jirgi zai hau kan bayin Allah. In na yi magana, na tsige tsoho daga inda ransa yake. Idan ka samu kanka a irin wannan tsaka mai wuya, yi abin da manyan ma'aikata suke yi tun zamanin Turawa: ka ce za ka duba, ka wuce mataki na gaba.

3. Liƙa sanarwa, amma kada ka faɗi rana

Ni na faɗi rana. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe, har na ja layi a ƙarƙashi.

Ranar na zuwa, annobar uzuri ta sauka a ƙasar Yauri. Wani kabu-kabunsa ya yi faci. Wani matarsa ta fara naƙuda, ko da yake cikin bai fito ba tukuna. Wanda ke zaune a bayan katangar ofis ya aiko cewa ruwa ya cinye hanyarsu. Maliki kuwa ya tafi Shanga jana'izar kakarsa, baiwar Allah da ni da kaina na je ta'aziyyarta bara.

Sista Saratu ta wuni a gindin mangwaro da na'urarta. Da zaman ya ishe ta sai ta auna jinin mai fura, ta auna na mai gyaran takalmi, ta dawo ta sake auna mai fura. Da yamma ta tattara kayanta ta ce mini, "Malam Abdulrahman, mai hurarku lahiya lau take. Ina iya rubuta haka."

Darasi: ma'aikaci kamar kifi yake, ba a yi masa sallama kafin a jefa taru.

4. Sa abinci a gaba

Je kasuwar Yelwa ka sayo bandar kifi mai kyau da lemun kwalba, ka baza labari cewa akwai ɗan abin taɓawa. Ranar babu tayar da za ta yi faci, kuma kakar kowa za ta samu sauƙi.

Sai dai ka raba bayan awo, ba kafin ba. Ni kafin na raba. Amma bar wannan, ai sun zo.

Kuma sun zo da shiri. Wani ya ce tafarnuwa tana saukar da jini, saboda haka tun daga ƙofar ofis ido ke yaji. Wani ya ce zoɓo ne, sai ga manyan magidanta da jan leɓe. Allon gwajin ido kuwa, wanda Sista ta rataye tun da safe, Maliki ya kwafe shi a tafireta ya raba wa jama'a, aka zauna ana bitarsa kamar karatun allo. Mutum na farko da aka kira ya rufe ido ɗaya ya karanto har layin ƙarshe ba gargada. Sista ta yaba masa ƙwarai, ta kuma sanar da shi cewa bai juyo wajen allon ba tukuna.

Baba Wakili bai ci kifin ba. Yana can bakin ƙofa, ya dogara da gorar da yake auna zurfin ruwa da ita, yana sauraro.

Ga wata hikima ta musamman a gare ka, kai mai shiryawa. Riƙe fayil a hannu, ka yi ta kai da komo da sauri, kana duba agogo. Mai fayil ba a tsayar da shi. Da haka za a auna kowa, kai kuwa ka tsira da sirrin jikinka, tun da dai kai lafiyarka ƙalau, ɗan jirin da kake ji da rana gajiya ce kawai.

5. Ko me za a yi, kada ka bari a fito da sanda

Abu ya fara tafiya. Oga ya miƙa hannu an ɗaura masa abin awon jini, ya fito yana cewa na'urar ce ta sha rana. An hau sikeli ana dariya. Har na fara tsara yadda zan karɓi yabo.

Sai Sista ta koma mota ta ɗauko sandar awon tsayi. Doguwa ce, miƙaƙƙiya, an shafe ta da farin fenti, an yi mata layuka ja da baƙi. Ta kira Altine masinja. Ta jera sandar da jikinsa tun daga diddige, ta miƙa hannu ta dafa babban yatsanta daidai inda kansa ya tsaya.

Dariya ta ɗauke ɗif.

In kai baƙo ne, bari in gaya maka abin da muka gani. A wurinmu idan mutum ya cika, kafin a taɓa ƙasa sai an yanko karan dawa miƙaƙƙe, a jera shi da mamaci daga ƙafa zuwa kai, a dafa yatsa a inda ya tsaya, a karye. Wannan karan ake kai wa masu haƙa. Sau ɗaya ake yi wa mutum wannan awo, kuma ba ya ganin ranar. Ita ma Sista 'yar ƙasa ce, ta san kara sarai, amma zaman asibiti ya sa idonta ya daina ganin abin da namu ke gani.

Altine ya saki wata murya da ban san yana da ita ba. "Baba Wakili! Kana tsaye aka auna ni da kara?"

Daga bakin ƙofa tsohon ya ce, "Innalillahi. Ɗiyata, wa yar rasu?"

Ban taɓa sanin ofishinmu yana da ƙofofi da yawa haka ba sai ranar. Har ta tagar ɗakin ajiya mutane suka fita. Maliki, duk da firgita, bai manta da ragowar kifi ba.

6. Yi lallashi. Ba zai yi aiki ba, amma za a ce ka yi

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ai tela ma yana auna mutum.

"Abin tela lanƙwasa shika yi," in ji Maliki, "kuma riga ka hitowa, ba rami ba."

Na roƙi limamin masallacin ofis ya yi bayani bayan azahar. Ya yi, mai kyau kuwa. Ya ce babu sandar da ke jawo ajali, kuma neman magani ba rashin tawakkali ba ne. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce Allah ya ƙara wa malam sani. Da na ce to malam ya fara tsayawa, sai ya tuna yana da ɗaurin aure a Birnin Yauri.

A wannan matakin ne za ka ji kamar ka haƙura. Ni ma na kusa, sai ga Inna Hansatu, matar Baba Wakili. Ta kawo masa abinci bakin ruwa, a hanyar komawa ta tsaya a tagar ofishina, ta rage murya.

"Ɗan nan, kai aka cewa kana tara mutane wurin likita?"

Na ce ni ne, Inna.

"To Malam ba shi gani. Shekaranjiya turmi yag gaisar tsakar gida, har yana tambayar shi mutanen gida." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsinke a hanya. "Jikar da anka haifa muna, da hannu shika duba huskarta. Ni in na ce asibiti, sai shi ce na gaji da shi. Kai ka yi boko, ka san dabara."

Na ce mata in sha Allahu, da muryar wanda ya san dabara. Gaskiyar magana ko ƙwaya ɗaya ba ni da ita. Amma kada ka taɓa bari a gane haka, domin rabin ƙwarewa gyaran murya ne.

7. Bari a sace sandar

Washegari Sista ta dawo, aka nemi sanda sama ko ƙasa aka rasa. Kada ka yi bincike. Ni ban yi ba, ko da yake daga baya na lura rumfar mai shayin bakin tasha ta samu sabuwar dirka fara mai layuka.

Sista ba mai saurin karaya ba ce. Ta ce ita dai a ba ta kowane abu dogo miƙaƙƙe, tana da tef da fenti, za ta mayar da layukan a kai. Aka duba ofis. Sandar tuta ta karkace tun zamanin tsohuwar jiha. Muciyar mai abinci ta yi gajarta. Abu ɗaya ne miƙaƙƙe a harabar nan, yana hannun mai shi.

Ta je har gabansa ta rusuna. "Baba, ara min gorarka."

"Gorata ba ta kwana hannun kowa ba."

"To riƙe ta da kanka, Baba. Ni layi kawai za ni zanawa."

Ya shafa gorar. Jama'a sun fara leƙowa daga inda suka ɓuya. Can ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gorar ga dai ba ta taɓa auna matacce ba. Ruwa taka aunawa, don masu rai su ƙetare lahiya."

Shi ke nan. Altine ne ya fara matsowa, ya tsaya a jikinta, ya ga bai mutu ba, ya koma yana cika baki. Kafin a jima layi ya kai gindin mangwaro. Wanda aka auna tsayinsa kuma kunya ba ta barinsa ya gudu, sai ya zarce wurin awon jini da na ido.

Na san abin da ya sa tsohon ya yarda. A lissafinsa, mai riƙe da gora ba a auna shi. Lissafinmu ɗaya da shi, ni da fayil, shi da gora.

In an tambaye ka daga baya, ka ce duk kai ka tsara.

8. San inda ake yin shiru

Aiki ya yi wa Sista yawa, hannunta ɗaya a kan na'ura, ɗaya a kan biro. Da aka zo kan Maliki, ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, duba min, wane layi yak kai? Ja ko baƙi?"

Baba Wakili ya matso da fuskarsa jikin gorar. Ya ƙara matsowa har hancinsa ya kusa taɓa ta. Ya bi ta da babban yatsa yana lalube, kamar fenti zai yi masa magana. Layin yana nan ɓaro-ɓaro, ja wur, yaro daga ƙofa zai gan shi.

Babu wanda ya yi tari. Waɗanda suka sani da waɗanda ba su sani ba duk suka zama ɗaya. Ni dai don kunya da tausayi na rasa inda zan sa idona sai a kan fayil.

Maliki ne ya yi magana, wannan dai Malikin mai bakin tsiya. "Ja na, Sista. Baba ya ce ja."

Na bayansa ya tsaya, ya saci kallon gorar, ya ce, "Baba ya ce baƙi na biyu." Haka aka yi ta yi har layi ya ƙare. Kowa ya karanta nasa ya ce Baba ne ya ce, Sista kuma tana rubutawa ba ta ɗago ba.

Kai mai shiryawa, a nan babu abin da za ka yi. Kada ka yi jawabi. Kada ka buɗe fayil.

Da mutane suka janye, tsohon yana nan tsaye da gorarsa.

"Ɗiyata, kin gani?"

"Na gani, Baba."

"To zo ki leƙa. Amma ki hwaɗa min gaskiya, kar ki yi min ta likitoci."

Ta zaunar da shi, ta haska masa 'yar tocila a ido, ta daɗe tana dubawa. Ta ce yanar ido ce ta rufe su. Na hagu tana sa ran in an yi aiki zai buɗe, na dama kuwa ba za ta yi alkawari ba. Sannan ta faɗi abin da ya shekara yana gudu.

"Baba, ban iya rubuta cewa kana gani. Sai ka sauka jirgi har a yi aikin."

Ya miƙe. Ya jingina gorar da bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya bi katanga da hannu ya fita. Ko inda nake bai juyo ba.

9. Tanadi haƙuri, za ka sha fushi

An auna kowa, takarda ta tafi sama, an yaba wa oga. Kai kuma ga naka rabon: gaisuwarka za ta koma "lafiya" ɗaya tak, ba "ya gida". Mai fura za ta daina yi maka gyara. Maliki zai zauna a gindin mangwaro yana cewa, "Ban hwaɗa muku ba? Tankaɗe na. Ga shi an hwara da Baba."

Ba zai ambaci cewa babu wanda aka sallama ba. Ba zai ambaci ƙwayoyin da aka ba shi na suga ba, waɗanda yake haɗiya a ɓoye a bayan kabad. Oga ma ba zai faɗa maka matarsa ta rage gishiri a miya ba, a fuskarsa kawai za ka gani.

Inna Hansatu ta tafi da mijinta wani asibitin ido mai nisa. Makonni suka wuce ba labari. Gora tana jingine inda ya bar ta, mai shara yana zagaye ta da tsintsiya. Duk safiya in na wuce ta sai gabana ya faɗi. Ina ta rubuta wa na sama cewa a riƙe masa gurbinsa, ina kuma tambayar kaina, in idon bai buɗe ba fa? Na raba shi da ruwa, ban ba shi komai ba.

Ba ni da hikimar da zan ba ka a wannan mataki. Ka yi addu'a kawai.

10. Guji tsohon da idonsa ya buɗe

Wata safiya, ranar da Sista ta dawo duba waɗanda ta ba magani, sai muka ji hayaniya a ƙofa. Baba Wakili ne, da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Idon dama bai dawo ba. Na hagu kuwa ya buɗe tar, kuma likita ya rubuta cewa zai iya komawa jirgi da rana, in an sa masa mai duba hanya a gaba.

Inna Hansatu ce ta rako shi, bakinta har kunne. Ta ce da aka miƙa masa jikar ya daɗe yana kallonta, hawaye na bin ƙasan tabarau, sannan ya ce, "Ashe da hancina taz zo. Allah shi ba ta haƙuri."

Ya ɗauki gorarsa ya shiga bin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karɓar bashin shekaru. Ya ce wa Maliki ashe ya yi sanƙo ba a gaya masa ba. Ya ce wa Altine rigar nan ai tun Sakkwato ya san ta. Ya dubi jirgi ya tambayi wanda ya zaɓi wannan fenti, a kai shi wurin Sista.

Ni kuwa na ɗauki fayil na fara kai da komo.

"Abdulrahman."

Na ce na'am Baba, ina zuwa, oga ke kira.

"Oga na nan bayanka yana shan shayi. Zo nan." Na zo. Ya dube ni daga sama har ƙasa da wannan ido guda. "Ranar awo na ji muryar kowa bakin gorar ga, ban ji taka ba. Makaho ba kurma ba na. Yanzu kuma ga shi ina ganin ƙahwarka ta cika takalmi, idonka ja. Tun yaushe?"

Na ce aiki ne ya yi mini yawa, Baba, gajiya ce.

Ya kafa gorar a ƙasa, ya daidaita ta. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, unguwarmu guda. Ran da kah hwaɗi, ni za a kira in yanko kara. Ko ta wace hanya dai ni ka auna ka. Sai ka zaɓa, tsaye ko kwance."

Na ajiye fayil. Na cire takalmi na tsaya a jikin gora, ya dafa yatsa a saman kaina, ya karanta layin da kansa da ƙarfi, har na bakin tasha suka ji. Daga nan Sista ta ɗaura mini na'ura. Abin da ta gani ya sa ta kwance ta sake ɗaurawa, sannan ta tambaye ni ko da ƙafata na zo. Tun daga ranar nake haɗiyar wata 'yar ƙwaya kowace safiya, a fili, ba a bayan kabad ba.

Ka ga ke nan ban yi maka ƙarya ba da na ce babu wanda ya kuɓuta.

Ba ruwana

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa tas daga duk abin da zai biyo baya. In ka bi matakan nan aka cinye kifinka aka gudu, asararka ce. In sandar gwamnati ta zama dirkar rumfa, ban gani ba, ban ji ba. In matarka ta rage maka gishiri, ku sasanta a gida. In wani tsoho ya dawo da tabarau ya fara ganin sanƙon mutane da kumburin ƙafarsu, kada a kawo ƙara wurina, ni ma abin ya ci ni.

Wanda kuma ya karanta duk wannan ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba ya bukatar tsayawa a jikin gorar kowa, babu dole, ba kuma zan yi masa gardama ba. Karan dawa bai taɓa yankewa a gonakin Yauri ba.